Mako Biyar Porfiada Tana Tsaye

Omereque, 21 ga Satumba

Zuwa ga Yayata Casilda,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mijinki Don Aurelio da yara, kuma ciwon bayan da keken ɗinki ya jawo miki ya yi sauƙi. Mama tana lafiya, sai dai gwiwa. Ta ce a gaya miki rigar sanyin ta iso, kuma ta yi mata daidai.

Sau uku kika tambaye ni a waya abin da ya sami Porfiada, motar Baba, sau uku na ce miki ana kan gyara. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Rabin motar naki ne, saboda haka kina da hakkin ji. Yanzu da abin ya wuce, zan rubuta abin da na gani da idona, bi da bi.

Ranar Talata, goma sha biyu ga Agusta, da ƙarfe goma da kwata na safe, muna hawan tudun da ke gab da Totora da albasa buhu ɗari da tamanin. Macario, direban da na ɗauka bayan rasuwar Baba, shi ne a sitiyari, ni ina gefensa. A lanƙwasa ta uku ya sauke giya zuwa ta ɗaya. Na ji ƙara guda, gajeriya, kamar an karya rake a ƙarƙashin kujera. Inji ya ci gaba da kuka, amma Porfiada ta daina hawa, ta fara komawa baya a hankali. Macario ya danne birki, ni kuma na dira na sa duwatsu a bayan tayoyi. Babu wanda ya ji ciwo.

Macario ya kwance notunan tayar hagu ta baya, ya zaro shaf, wato dogon ƙarfen da ke juya tayar. Rabinsa ne ya fito. Ɗaya rabin, mai haƙora a bakinsa, ya zauna a cikin aksul, wato gindin motar da ke riƙe tayoyin baya. Ki riƙe wannan a ranki, zai sake dawowa.

Ya goge hannu ya ce, "Injiniya, tsohuwa ta karye a ƙugu. Aiquile na bayanmu, kuma gangara ce. Mu ja ta wurin Maestro Zenón."

Na ce a'a, Cochabamba za mu, wurin kamfanin da ke da wakilcin irinta.

Ya dube ni ya ce, "To. Kai ka yi jami'a, ni jaki ne mai lasin."

Dole in gaya miki dalilina, ko da yake ba ya ƙara mini daraja. A watan Afrilu na kai motar garejin Maestro don gyaran famfon ruwa. Na tarar yana yanka gasket, wato abin toshe mahaɗar ƙarfe, daga kwalin takalmi da almakashin matarsa. Na tambaye shi ko zai ba ni takardar tabbaci a kan aikin. Ya ce, "Takarda? Ni ne takardar." Na amsa masa da cewa zamanin aikin ƙage ya wuce. A gaban mutane na faɗa, ga mutumin da ya riƙe ni ranar baftismata, wanda nake kira Padrino, wanda kuma ya yi shekara talatin yana kiran Baba ɗan'uwa. Daga ranar ya daina kirana Hilaco, sunana na gida, ya koma kirana Injiniya. Saboda haka a kan tudun nan abu biyu ne suka hana ni komawa Aiquile: na yi imani kamfani ya fi, kuma ina jin kunya. Ban san wanda ya fi nauyi ba. Haka muka ja ta zuwa Cochabamba.

Ba zan zalunci kamfanin ba. Daɓen garejinsu ya fi na asibitinmu tsabta. Shugaban sashen gyara, Injiniya Saavedra, mutum ne mai ladabi, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya shigar da lambar shasi a kwamfuta, sai ga motarmu ta fito a allo kamar ranar da ta bar masana'anta a Sweden, kowane noti da lambarsa. Na ji daɗi har cikin raina. Ya ce ba sa ajiye kayan mota mai shekarunta, amma za a kawo shaf daga São Paulo ta ƙasar Brazil cikin mako uku. Na yi lissafi: tumatir zai nuna a mako na shida. Na sa hannu.

Kin san abin da mako na shida yake nufi. Gidaje goma sha bakwai na kwarinmu, har da gonar Mama, a kan Porfiada suke lodi tun zamanin Baba. Idan tumatir ya nuna, 'yan sari sun riga sun kama duk wata babbar mota daga nan har Saipina. Wanda ba shi da mota, ko ya sayar musu a bakin gona a yadda suka ga dama, ko ya zuba wa aladu. Mutanen nan ba su nemi wata mota ba, domin na ce musu kada su nema.

Mako uku ya zama huɗu, domin akwatin ya tsaya a kan iyaka. Huɗu ya zama biyar. Kowace Litinin ina zuwa ofishin waya, kowace Litinin a ce mini yana hanya. Doña Remedios, wadda gonarta ke jikin tamu, ta tare ni a ƙofar coci ta ce, "Injiniya, tumatirina ya fara jan kunci. In ce masa ya jira São Paulo?" Matan da ke wurin suka yi dariya. Mama ba ta yi ba.

Ranar Laraba, goma sha bakwai ga wannan wata, ina tsaye aka buɗe akwatin. Ƙarfe ne mai kyau, yana ƙyalli. A ranar ne suka buɗe aksul, suka ciro guntun da ya zauna a ciki, suka wanke ɓurɓushin ƙarfe. Suka tura sabon shaf, ya shiga har kusan ƙarshe, ya tsaya. Suka juya shi, suka sake turawa, ya ƙi. Injiniya Saavedra ya ɗauki alli ya ƙirga haƙoran sabon: talatin da ɗaya. Ya ƙirga na guntun da ya karye: talatin da huɗu. Ni ma na ƙirga, sau biyu.

Ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka kawo shi ne na lambar nan. Amma aksul ɗin da ke jikin motarka ba namu ba ne. Ban ma san na wace mota ba ne." Ya ce abin da za su iya shi ne su yi odar aksul na asali gaba ɗaya, wata biyu. Babu wanda ya taɓa gaya mini an canja mata aksul. Na zauna a kan wata taya, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Washegari na hau bas ta farko zuwa Aiquile. Na shirya jawabi a hanya, mai sassa uku. Na tarar da Maestro a ƙarƙashin bishiyar garejinsa yana shan miyar gyaɗa, da rana tsaka. Na cire hula na ce, "Padrino, barka da rana." Jawabin ya ɓace.

Bai ɗago ba. Ya ce, "A'a, Injiniya ne? Kwalin takalmi ya ƙare a birni?"

Na gaya masa komai a tsaye. Da na zo kan haƙora, ya ajiye cokali.

"Mako nawa ka ce tana can?"

"Biyar."

"A tsaye? Ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta?"

Na ce sun leƙa jiya. Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko tari. Ya kira matarsa ya ce, "Zuba wa wannan miya, ya rame. Ki ɗauko mini jakata da filaya babba." Na tambaye shi inda za a sami shaf mai haƙora talatin da huɗu, ko sai an je El Alto wurin masu tsofaffin kaya. Ya ce, "Sha miyarka." Awa shida muka yi a bas, yana tauna ganyen koka yana kallon taga.

Ranar Juma'a da ƙarfe takwas muna ƙofar kamfani. Injiniya Saavedra ya gaishe shi da girmamawa, sannan ya ce dokarsu ba ta yarda baƙon bakanike ya taɓa sifana a cikin haraba ba.

Maestro ya ce, "Titin ma naku ne?"

"A'a, Maestro."

"To ku taya mu turawa."

Mutum goma sha ɗaya muka tura, har da mai gadi da shi Saavedra ɗin a cikin farar rigarsa. Muka tsayar da ita a bakin titi, kusa da wata mai sayar da lemon zaƙi. Maestro ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Can sai na ji muryarsa: "Injiniya, cire kwat ɗin nan ka shigo. Digirinka ba zai yi datti ba."

Na shiga, Yaya. Shekarata talatin da shida, kuma wannan ne karo na farko da na kwanta a ƙarƙashin motar da ta ciyar da mu. Ya haska mini cikin shasi, a sama da inda ake rataye safaya. Laka ce kawai na gani, busasshiya, doguwa. Ya buga ta da filaya, ta zube a fuskata. A bayanta akwai wani abu mai tsawon hannu biyu, an naɗe shi da tsohon tub na taya, an ɗaure da waya a wuri huɗu. Ya yanke wayoyin, ya ce in tara hannu. Nauyinsa ya kusa karya mini hanci.

Muka ja shi waje, ya yanka robar. Giris ne baƙi, ya daskare. Da ya goge da tsumma, sai ga shaf, lafiyayye, ba tsatsa ko ɗigo. Ya miƙa wa Saavedra allin da kansa ya ce, "Ƙirga, ɗana. Kai ne mai hannun alli." Talatin da huɗu.

Macario ya matso ya duba. Ya riƙe kai da hannu biyu ya ce, "Mako biyar! Muna jiran Brazil, Brazil tana ƙarƙashin gindinmu!" Mai lemo ta yi dariya har ta zubar da kofi.

Yana ɗaurawa yana ba da labari, kuma ba ni yake gaya wa ba, Saavedra yake gaya wa, wanda ya durƙusa kusa da shi da littafi. Shekara goma sha shida da suka wuce, in ji shi, Baba ya ga aksul na asali ba ya jure lodin da yake so ya riƙa ɗauka. Suka tafi Potosí su biyu, suka sayi na wata motar ma'adinai da ta faɗi a rami, tare da shaf ɗaya na ƙari. Suka ɗaure na ƙarin a nan, domin direban da ya san hanya ba ya barin irin wannan a gida. Saavedra ya tambaye shi me ya sa Baba yake neman ƙarin lodi a lokacin. Maestro ya nuna ni da sifana ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Wancan yana shekara ta biyu a jami'a."

Sannan ya ce da ni, "Kowace shekara, ranar Talatar bikin Carnaval da muke yi mata yayyafin giya na neman albarka, ni da mahaifinka muke kwance shi, mu sake masa giris, mu mayar. Kai kana can sama kana ɗaura mata furanni a madubi. Bana na wanke hannu na jira a aiko mini, ba a aiko ba."

Gaskiya ne. Bana ban yi mata yayyafin ba. Na ce wa Mama zuba giya a kan taya ba ya gyara mota. Na ɗauka abin da ake yi ke nan a ranar, giya da furanni da kiɗa. Ban taɓa tambayar abin da tsofaffin biyu suke yi a ƙasa ba.

Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Macario ya tayar da inji, ya sa giya, Porfiada ta motsa. Ba zan iya kwatanta miki abin da na ji ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai juya na sayi lemo kofi goma sha biyu.

Abu biyu zan ƙara domin adalci. Na farko, Maestro ya leƙa cikin aksul kafin ya rufe, ya ce wa kanikawan kamfanin, "Kun wanke ta da kyau. Da ni ne, da sai na bar ɓurɓushi." Na biyu, kafin mu tafi ya shiga kantinsu ya zaɓi filta uku na mai. Da na dube shi ya ce, "Me? Nasu ya fi na kasuwa. Ni tsoho ne, ba wawa ba." Su kuma sun karɓi sabon shaf ɗinsu ba gardama.

Jiya da yamma muka shigo gari. Macario ya danna hon tun daga gada. Doña Remedios ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Ashe São Paulo ta iso!" Mama ta zo ta dafa ƙofar motar, ta daɗe a haka, sannan ta ce wa Maestro ya shigo ya ci abinci. Gobe da asuba za a fara lodi. Na zaga gonakin yau: kusan kashi ɗaya cikin goma ya wuce, ya yi laushi. Sauran zai kai Santa Cruz, in Allah ya yarda.

Zan ba Doña Eulogia ta garinmu wannan takarda, tana tafiya wurinku Buenos Aires ranar Laraba. Akwai busassun 'ya'yan itacen fic da barkono daga Mama. Ki gaishe da Don Aurelio, ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Hilarión

*

Omereque, 5 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Casilda,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalinki duka. Mu nan lafiya lau. An yi ɗan ruwan sama ranar Alhamis, gwiwar Mama ta sanar da mu tun kafin ya zo.

Na san kina jiran labarin tumatir. Sawu huɗu Porfiada ta yi zuwa Santa Cruz cikin kwana goma sha biyu. Babu gida ɗaya cikin goma sha bakwai da ya sayar a bakin gona. Na bi sawu na farko da kaina, kuma a kowane tudu ina sauraron ƙarƙashin kujera. Macario ya lura, ya ce, "Injiniya, ka saki numfashi, kana ƙara mata nauyi." Abin da ya lalace a gona na ce a ɗora mini, tunda jinkirin nawa ne. Doña Remedios ta ce in bar surutu in zo in taya ta cire turaku. Na je.

Jiya Asabar muka yi mata yayyafin, ko da yake ba lokacinsa ba ne. Mama ce ta ce a yi. Aka zo da giyar masara da furanni, aka zuba wa kowace taya, aka zuba wa ƙasa nata. Maestro ya zo da bas daga Aiquile da matarsa. Macario ya hau sama yana ɗaura furanni. Ni ina ƙasa. Babu abin da za mu shafa wa giris yanzu, wurin ba komai, amma Maestro ya ce sai mun shiga duk da haka. Ya nuna mini abu bakwai da zan riƙa taɓawa da hannuna kowace shekara. Ya ce a watan gobe za mu hau El Alto mu nemo wani shaf ɗin, domin ba za ta shiga damina babu komai a ɗaure a cikinta ba.

Na zo da sabon littafi, na roƙe shi ya faɗa mini duk abin da aka taɓa canjawa a motar, da inda aka samo shi. Shekararsa saba'in da ɗaya, kuma babu wanda ya san waɗannan abubuwa sai shi. Na yi tsammanin zai yi mini ba'a a kan takarda. Bai yi ba. Ya zauna a kan buhu ya fara daga gaba zuwa baya, har muka cika shafi huɗu. Da muka gama na karanta masa, ya ce, "Ka ga? Kan motar da lambar ne kawai suka zo daga Sweden. Sauran ni da mahaifinka ne." Ya ce in kai wa Saavedra kwafi, domin yaron yana da kunne. Zan kai.

Na nemi gafararsa a kan maganar Afrilu. Jimla biyu na samu na faɗa. Ya ce gasket ɗin kwalin yana nan har yanzu bai zubar ba, in ina so in leƙa. Da za su tafi, yana hawa bas, ya juyo ya ce, "Hilaco, ka sayo wayar ɗauri mai kauri, waccan ta yi tsatsa." Na ɗaga masa hannu. Ina tsammanin ya gane.

Ki kwantar da hankalinki. Motar tana lafiya, Mama tana cin abinci, ni ma ina barci. Ki gaishe da Don Aurelio da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Hilarión Veizaga

Gyara ɗaya. A takardata ta farko na rubuta cewa babu wanda ya taɓa gaya mini an canja aksul ɗin. Wannan ba daidai ba ne. Ina neman takardun motar a akwatina na makaranta, sai na ci karo da wasiƙar da Baba ya aiko mini ina shekara ta biyu. Shi ya faɗa, ke kika rubuta, na gane hannunki. A ciki ya ce: "Mun sa wa motar gindin motar ma'adinai, yanzu za ta ɗauki kaya sosai, ka yi karatunka kada ka damu. Akwai shaf ɗaya a ɗaure a ƙarƙashinta, in wata rana ba na nan, ka sani." A saman shafin na ja layi da jan biro a ƙarƙashin ranar da kuɗin da zai aiko mini za su iso. A kan maganar shaf ɗin ban ja komai ba.